SHARHI: Mace Matafiya Da Sunan Ƙasa

Ran 16 ga watan Disamba, 2012, da dare, wata ɗaliba 'yar shekara 23 ta fito daga gidan silima a birnin Delhi na ƙasar Indiya tare da wani abokinta, suka shiga wata motar bas suna zaton ta haya ce mai ɗaukar fasinja. Ashe mutum shida da ke cikin motar, har da direban, bakinsu ɗaya. Suka yi wa saurayin dukan kawo wuƙa, suka yi wa yarinyar fyaɗe, suka ji mata raunin da ba ya faɗuwa, kana suka jefar da su biyun a bakin titi. Ran 29 ga wannan wata ta rasu a wani asibiti a Singafo, inda aka kai ta neman magani.

Wannan magana ta daɗe da wucewa, amma ya kamata a sake waiwayarta, domin kuwa babu wani misali da ya fi ta nuna yadda abu uku suke ɗaure da juna, watau lafiyar mace a kan hanya, da alƙalamin 'yan jarida, da kuma sunan da ƙasa ke da shi a idon baƙi. Duk wanda ya san tashar Agege ko Sabon Ibadan ko Unguwa Uku ta Kano, ya kuma ga yawan matan da ke hawa mota su kaɗai kowace rana, zai gane cewa batun ya shafi Nijeriya ƙwarai da gaske.

Abin da ya biyo bayan wannan ta'asa sananne ne. Dubban mutane, maza da mata, suka cika titunan Delhi suna zanga-zanga, 'yan sanda suka yi ta fesa musu ruwa da barkonon tsohuwa, amma ba su watse ba. Jaridun Indiya da gidajen talabijin suka riƙe maganar kwana da kwanaki, har gwamnati ta ga babu makawa, ta kafa kwamiti a ƙarƙashin tsohon Babban Jojin ƙasar, Mai Shari'a J.S. Verma. Kwamitin ya miƙa rahotonsa ran 23 ga Janairu, 2013, cikin wata guda ke nan. A wannan shekara aka yi sabuwar doka wadda ta tsananta hukuncin fyaɗe, ta mai da bibiyar mace da leƙen tsiraicinta da watsa mata ruwan batir manyan laifuffuka, ta kuma tanadi horo ga ɗan sandan da ya ƙi rubuta ƙarar macen da ta kawo kuka. Huɗu daga cikin masu laifin an rataye su a kurkukun Tihar ran 20 ga Maris, 2020. Ba shakka da jaridu sun yi shiru, da wannan yarinya ta zama lamba ɗaya kurum a cikin littafin 'yan sanda.

Amma fa labarin bai tsaya a Indiya ba. A watan Maris na 2013 aka yi wa wata mata 'yar ƙasar Suwizalan fyaɗe a Jihar Madhya Pradesh, inda ita da mijinta suke yawo a kan kekuna. A cikin wannan wata kuma wata Baturiyar Ingila ta diro daga benen wani otal a birnin Agra, garin da Taj Mahal yake, don tsoron wanda ke ƙoƙarin shigo mata ɗaki. Jaridun Turai da Amurka suka haɗa waɗannan labarai wuri guda, ƙasashe kuma suka shiga yi wa matansu kashedi game da zuwa Indiya. Ƙasar da tun 2002 take kashe kuɗi masu yawa wajen tallar kanta ga masu yawon buɗe ido, sai ga shi cikin wata uku an ba ta wani suna dabam. Ƙungiyar 'yan kasuwa ta ASSOCHAM ta ba da sanarwa cewa baƙi masu zuwa sun ragu da kashi 25 cikin ɗari, mata kuwa da kashi 35, bisa ga tambayar da ta yi wa masu kamfanonin shirya tafiye-tafiye 1,200.

Wannan lissafi ya zaga duniya. To, amma da shekara ta ƙare, sai lissafin gwamnati ya nuna cewa baƙin da suka shiga Indiya a 2013 sun kai kimanin miliyan 6 da dubu 970, alhali kuwa a 2012 miliyan 6 da dubu 580 ne. Watau ƙaruwa aka samu. Lissafin farko an buga shi da manyan baƙaƙe, na biyu kuwa ƙalilan ne suka ji shi. Haka al'adar labari take: mummuna yana hawa jirgin sama, gyaransa yana biyo baya a kan jaki.

Akwai wani lissafi kuma da ke bukatar a karanta shi da hankali. Ƙararrakin fyaɗe da 'yan sandan Indiya suka rubuta sun tashi daga 24,923 a 2012 zuwa 33,707 a 2013. Mai gaggawa zai ce ai ga shi nan, abin ƙaruwa ya yi. Amma masu lura da al'amarin da yawa sun danganta wannan hawa da cewa mata sun sami ƙarfin zuciyar kai ƙara, 'yan sanda kuma sun ji tsoron ƙin rubutawa. Saboda haka ƙasar da lissafinta ya yi ƙasa, ba lalle ne ta fi aminci ba, mai yiwuwa matanta ne suka fi haɗiye baƙin cikinsu. Daɗin daɗawa, lissafin na Indiya ya nuna cewa sama da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda ake tuhuma mutane ne da matan suka sani, maƙwabta ko dangi ko abokan aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta faɗa a rahotonta na 2021 cewa kimanin mace ɗaya cikin uku a duniya ta taɓa gamuwa da duka ko cin zarafi, kuma mafi yawansa daga hannun abokin zamanta ne. Ashe ke nan haɗarin da ke jiran mace a cikin gida da unguwa ya fi na kan hanya yawa, sai dai shi ba ya samun shafin farko.

Yadda wasu mahukuntan Indiya suka tunkari ɓacin sunan nan shi ne abin da bai kamata a kwaikwaya ba. A watan Maris na 2015 gwamnati ta hana nuna wani fim da gidan BBC ya watsa game da kisan ɗalibar, hanin kuwa sai ya ƙara wa fim ɗin suna, waɗanda ba su da niyyar kallo suka shiga nemansa. A 2016 kuma ministan yawon buɗe ido, Mahesh Sharma, ya shawarci baƙi mata da kada su sa siket ko su fita su kaɗai da dare a ƙananan garuruwa, aka yi masa ca, domin maganar tasa ta ɗora nauyin a kan wadda ake zalunta, ta bar azzalumi. An manta cewa ɗalibar Delhi tana tare da namiji sa'ad da abin ya same ta, matar Suwizalan ma da mijinta take. Rakiya tana da amfani, amma ba ta maye gurbin hukuma.

A duba kuma yadda wasu ƙasashe biyu suka yi. A watan Disamba na 2018 aka kashe wasu mata biyu, ɗaya 'yar Denmak ɗaya 'yar Norwe, kusa da ƙauyen Imlil a gindin dutsen Tubkal na ƙasar Maroko. Cikin 'yan kwanaki aka kama waɗanda suka aikata, a watan Yuli na 2019 kotu ta yanke wa uku hukuncin kisa, jama'ar Maroko kuma suka taru a ƙofar ofisoshin jakadancin ƙasashen biyu suna nuna juyayi. A shekarar 2019 baƙin da suka shiga Maroko sun kusa miliyan 13, fiye da na shekarar da aka yi kisan. A wannan watan na Disamba dai aka kashe wata Baturiyar Ingila a birnin Okland na ƙasar Niyu Zilan, inda ta je yawo ita kaɗai. Firayim Ministar ƙasar ta lokacin, Jacinda Ardern, ta fito gaban 'yan jarida ta nemi gafarar iyayen yarinyar a madadin ƙasarta, aka kuma ɗaure mai laifin rai da rai a 2020. Ba wanda ya ce Niyu Zilan ta zama ƙasar da mace ba za ta taka ba.

Abin lura a nan iri biyu ne. Na ɗaya, ƙasar da ta amsa laifinta da wuri, ta kama mai laifi, ta yi masa shari'a a bainar jama'a, sunanta yakan farfaɗo. Na biyu kuwa, ma'aunin manyan jaridun duniya ba ɗaya ba ne. In abu ya faru a ƙasar masu arziki, sai a ce wani mugu ne ya aikata. In ya faru a ƙasar talakawa, sai a ce halin mutanen wurin ne. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, amma ga alama akwai garin da ba a yarda wake ya ɓata shi.

A watan Yuni na 2018 Gidauniyar Thomson Reuters ta fitar da jerin ƙasashe goma da ta ce sun fi haɗari ga mata. Indiya ce ta ɗaya, gaba da Afganistan da Siriya waɗanda ke cikin yaƙi a lokacin, Nijeriya ta tara, Amurka ta goma. Jaridu da yawa sun buga jerin ba tare da sun bayyana wa mai karatu cewa ra'ayin masana kimanin 550 ne aka tattara ba, watau abin da suke zato aka auna, zaton nan kuwa wani ɓangarensa daga jaridu suka samo shi. Sai jarida ta haifi zato, zato ya koma ya zama labarin jarida. Duk da haka, kasancewar Nijeriya a cikin jerin abin kunya ne, kuma ƙorafi a kan ma'auni ba zai wanke ta ba.

Irin wannan cuta tana nan a cikin gida, tsakanin Kudu da Arewa. Tun daga sace 'yan matan Chibok 276 a watan Afrilu na 2014, kalmar Arewa ta zama kamar sunan gari ɗaya a bakin wasu masu rubuta kanun labarai, alhali kuwa jihohi 19 ne, kuma daga wannan iyaka zuwa waccan tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000. Ba mai musun cewa akwai masifa. Ran 28 ga Maris, 2022, 'yan bindiga suka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, suka kashe mutane, suka kwashi fasinjoji da dama har da mata da yara, na ƙarshensu ba su fito ba sai a watan Oktoba, jirgin kuwa bai koma aiki ba sai Disamba. A watan Agusta na 2023 aka sace matasa takwas daga Akwa Ibom a kan hanyar Zamfara, suna tafiya Sakkwato don yi wa ƙasa hidima. Uwar da ke Uyo ta hana 'yarta tafiya bayan ta ji wannan, ba wanda zai ga laifinta.

Amma Kudu ma tana da nata. A watan Fabrairu na 2022 wata budurwa 'yar shekara 22 mai sana'ar ɗinki ta hau bas ɗin BRT a Ikko da dare, ta lura ita kaɗai ta rage a motar, ta aika wa ƙawarta saƙo ta waya cewa hankalinta bai kwanta ba, bayan kwanaki aka tsinci gawarta. Kotu ta yanke wa direban hukuncin kisa a watan Mayu na 2025, kuma saƙon nan da ta aika ya taimaka wajen gano motar. A watan Mayu na 2022 kuma 'yan bindiga suka kashe wata mata 'yar Arewa mai juna biyu tare da 'ya'yanta huɗu a Jihar Anambra. Mutanen Arewa suka ga kamar jaridun Kudu ba su ba wannan labari girman da ya cancanta ba, wasu kuma a Arewa suka mai da shi hujjar zagin ƙabila ɗungurungum. Duka biyu kuskure ne, kuma mace matafiya ce ke biyan kuɗinsa, domin tana barin hanyar da ke da lafiya saboda jita-jita, ta kuma faɗa wadda ke da haɗari saboda ba wanda ya gaya mata gaskiya.

Hasarar ba ta tsaya ga rai kaɗai ba. An yi shekara goma ba a yi bikin kamun kifi na Argungu ba kafin a dawo da shi a watan Maris na 2020, ko da yake hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya tun 2016. Hawan sallar Kano shi ma ya shiga wannan jeri a 2024. Ga Yankari da ruwan ɗumi na Wikki a Jihar Bauchi. Duk waɗannan ba za su kawo kuɗi ba muddin mace ba ta amince ta zo ba, domin a gidaje da yawa in uwar gida ta ce hankalinta bai kwanta ba, to tafiyar ta fasu, mai otal da mai tasi da mai sai da kilishi da madunkin hula duk sun yi hasara.

Za a sami masu cewa ai maganin abin ƙarami ne, mace ta zauna a gida, ko kuwa kada ta fita sai da muharrami. Hukuncin addini a kan wannan na malamai ne, su ne kuma suka san cewa a mazhabar Malikiyya an yarda mace ta tafi aikin Hajji na farilla cikin ayari amintacce, Saudiyya ma tun 2021 ta ba mata damar yin rajistar Hajji ba tare da muharrami ba. A ƙasar Hausa kuwa tun zamanin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, 'yan taru sukan taso daga ƙauyuka a ƙarƙashin jaji su je ɗaukar karatu su komo. Abin da aka dogara da shi a can shi ne amincin hanya da amincin ayari. Ban da wannan ma, halin rayuwa ya riga ya fitar da mata. Akwai gwauruwar da ke sarin atamfa a Kantin Kwari ta kawo Ikko don ta ciyar da marayu, akwai ɗalibar jami'a, akwai ma'aikaciyar jinya da aka yi wa canjin wurin aiki, akwai wadda shirin yi wa ƙasa hidima, da aka kafa tun 1973, ya tura jihar da ba ta san kowa ba. Gwamnatin da ta tura yarinya wata jiha da takardar hukuma, tilas ne ta tsare mata hanyar zuwa.

Saboda haka aikin ya rabu kashi huɗu. Na farko na 'yan jarida ne. Kada a ɓoye labari don kare sunan jiha ko na gwamna, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma a faɗi sunan hanyar, da ƙauyen, da lokacin da abin ya faru, a daina lulluɓe rabin ƙasa da kalma ɗaya. A bi shari'a har ƙarshenta, domin mai karatun da ya ji an yi laifi yana da hakkin ya ji an yi hukunci. Kada a buga suna ko hoton macen da aka yi wa fyaɗe, kada a tambayi irin tufafin da ta sa ko abin da ya fitar da ita. In an kawo lissafi, a faɗi wanda ya yi shi da yadda ya yi shi. In hanya ta gyaru, wannan ma labari ne, a ba shi wuri.

Na biyu na gwamnatoci ne. Kuɗin da ake ba 'yan talla don su gyara sunan jiha, gara a sa shi a fitilun tasha, da motocin sintiri, da kotunan da za su gama shari'ar fyaɗe cikin watanni. Dokar hana cin zarafin jama'a da aka sa wa hannu a 2015 tana nan, gwamnoni kuma sun ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe a watan Yuni na 2020, abin da jama'a ke jira shi ne su ga mutum nawa aka ɗaure. Kowace babbar tasha ta cancanci ofishin 'yan sanda mai 'yar sanda mace a ciki, wadda matafiya za ta iya gaya wa abin da ba za ta gaya wa namiji ba. Jirgin ƙasa na cikin birnin Delhi ya ware wa mata tarago guda tun 2010, babu abin da zai hana a yi haka a nan.

Na uku na shugabannin tasha ne da ƙungiyar direbobi. Takardar sunayen fasinja a riƙa cika ta da gaske, da lambar mota da sunan direba da lambar wayar wani ɗan'uwan matafiyi, a kuma ajiye kwafi a tasha. Direban da ya sauke mace a daji da tsakar dare, ko ya tsaya ɗaukar mutanen da ba a sani ba a hanya, a hore shi. Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Shagamu da Sabon Ibadan sun gaji al'adar saukar baƙo tun zamanin fataken goro, ya kamata su tanadi masauki na mata a ƙarƙashin kulawar dattijuwa, don wadda motarta ta iso da dare ta sami inda za ta kwana har gari ya waye.

Na huɗu na matafiyar ne da danginta, ba don laifin nata ne in abu ya faru ba, sai don rigakafi ya fi magani. Ta hau mota a cikin tasha, ta guji ta bakin hanya ko da ta fi araha, musamman a Abuja da Ikko inda ɓarayi ke shiga tasi su yi kamar fasinjoji. Ta aika lambar motar gida kafin a tashi, ta zaɓi tafiyar safe, ta tambayi waɗanda suka bi hanyar cikin makon nan, ta kuma riƙe lambar neman agaji ta 112.

Tafiya mabuɗin ilmi ce, mabuɗin arziki ce kuma, bai kamata a bar rabin al'umma ba tare da wannan mabuɗi ba. Mutanen Indiya sun tilasta wa gwamnatinsu ta sake doka cikin wata huɗu saboda yarinya ɗaya, har yanzu kuma aikinsu bai ƙare ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya sa masu iko da masu alƙalami su ji, ya kuma kai kowace matafiya gida lafiya, amin.